Ambaliyar Sallamar Ƙarya: Yadda Ake Toshe Ƙofar Saba da Yadda Ake Kare Ta

A kan titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Aliero, ya isa mahaɗar Jega, sannan ya gangara Maiyama zuwa Koko da Yawuri, harkokin yau da kullum sun rataya a wuyan wasu kwamfutoci da yawancin masu dogaro da su ba su taɓa gani ba. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, ta intanet yake rajista ya duba sakamako. Yaron Maiyama mai neman gurbin karatu ba shi da wata hanya sai ta JAMB, wadda tun 2015 ta mayar da jarabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Dillalin albasa ba ya sakin mota sai ya ga alat, mai POS a kasuwar Jega kuwa jarinsa kaf yana ga wannan saƙo. Duk waɗannan da saba suke magana, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi tana amsa masu shigowa. Idan aka ambaci tsaronta, hankalin mutane kan ɓarawo yake tafiya, mai satar kuɗi ko mai sauya maki. Amma akwai maharin da ba ya ɗaukar ko allura. Aikinsa ya cika ƙofa da baƙin ƙarya har na gaskiya su rasa wurin shiga, jama'a kuma su ce “netwok ne” su haƙura. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ba girman na'ura ke hana wannan hari ba, tsarin karɓar baƙo ne, kuma ƙananan cibiyoyi irin na yankin nan su suka fi buƙatar tsarin tun kafin ranar ta zo.

Sai an fahimci yadda waya ke ƙulla magana da saba za a gane inda raunin yake. Ƙa'idar da ake kira TCP, wadda aka rubuta a 1981, ta tanadi mataki uku. Waya ta aika sallama, wadda masana ke kira SYN. Saba ta amsa, ta haɗa da wata lamba. Waya ta maido da lambar, alamar ta ji, daga nan zance ya fara. Tsakanin mataki na biyu da na uku akwai ɗan jira, kuma a cikin jiran nan saba kan ware wa baƙon gurbi a ƙwaƙwalwarta, ta rubuta adireshinsa a wani jeri mai iyaka. Waɗanda suka tsara ƙa'idar malaman jami'o'i ne da masu bincike da suka san juna, ba su kawo a ransu cewa wani zai yi sallama dubu da adireshin bogi ya yi shiru ba. A tsofaffin na'urori jerin nan ɗan ƙarami ne, kuma da yawansu sukan jira sakan 75 kafin su fid da rai su share sunan wanda bai dawo ba.

A ɗauki mai rumbun albasa a Aliero da ke da buhu 50. Waya ta yi ƙara, wani ya yi sallama ya ce a ajiye masa buhu yana tafe, aka ware masa. Wani ya kira, aka ware. Kafin hantsi an ware buhu 50 ga muryoyi 50, alhali mutum ɗaya ne ke kira da layuka daban-daban, kuma ba ya da niyyar zuwa. Mai saye na gaskiya ya iso da kuɗinsa a hannu, aka ce kaya sun ƙare, ga albasa jibge a gabansa. Ba a saci ko ƙwara ɗaya ba, amma cinikin ranar ya mutu. Wannan ne ya faɗa wa Panix, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin intanet na birnin New York, a watan Satumba na 1996. Kwanaki aka yi masu hulɗa da kamfanin ba sa samun wasiƙunsu yadda ya kamata, kuma maharin bai buƙaci wani ƙaton layi ba, tunda saƙon sallama ɗan mitsitsi ne.

Maganin da ya fito cikin wannan watan shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Daniel Bernstein da Eric Schenk suka kawo dabarar da aka sa wa suna SYN cookies. Maimakon saba ta ware gurbi da jin sallama, sai ta lissafa wata lamba daga adireshin mai kira, da lokacin kiran, da wani sirri da ita kaɗai ta sani, ta aika masa a matsayin amsa, ba tare da ta ajiye komai ba. Mai rumbun ya daina ware buhu ke nan, shaida kawai yake bayarwa, wanda ya zo da ita a hannu a auna masa. Mai adireshin bogi ba zai taɓa ganin lambar ba, don amsar ta tafi wani wuri, saboda haka ba zai iya maido da ita ba. Na gaskiya kuwa zai maido, saba ta sake lissafi, ta ga ya dace, ta buɗe masa. Dabarar tana da ɗan farashi, don wasu bayanan da ke ƙara saurin haɗi kan salwanta, shi ya sa Linux ba ta amfani da ita sai jerin ya cika. A manyan nau'o'in Linux na yau a kunne take zuwa, ba a biyan ko kwabo. Darasin shi ne kada ka kashe abin hannunka kan wanda bai riga ya nuna cewa da gaske yana nan ba.

Maharan ba su tsaya nan ba. Da aka toshe hanyar adireshin bogi, sai suka koma kammala gaisuwar, sannan su riƙe layin. A 2009 aka saki wata manhaja mai suna Slowloris, wadda ke buɗe haɗi da yawa tana turo buƙatarta tsinke-tsinke, ba ta gamawa kuma ba ta tafiya, har kwamfuta ɗaya tak ta iya kwantar da sabar da ba a gyara saitinta ba. Sai kuma tara rundunar na'urorin jama'a da aka kame ba da saninsu ba, abin da ake kira harin DDoS. A 2016 manhajar Mirai ta bi intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, ta kame dubban ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka auna su kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka da yawa suka dogara da shi, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari mutane da yawa a Amurka. A Fabrairun 2018 an antaya wa GitHub terabit 1.35 a sakan ɗaya, a 2025 kuma kamfanin tace hare-hare na Cloudflare ya ba da rahoton tare wanda ya haura terabit 7. Terabit ɗaya ya ninka layin megabit 100 sau 10,000. Wurare uku ke nan ake iya cikawa: jerin masu jira, ƙarfin aikin saba, da layin da ya haɗa ta da duniya, kuma kowanne da irin maganinsa.

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar manya ce, wa zai ɓata lokacinsa kan shafin wata makaranta ko sakatariya a Kebbi? Tarihin Mirai kansa ya ba da amsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta, Paras Jha, ɗalibi ne a jami'ar Rutgers, kuma tsakanin 2014 da 2016 ya sha durƙusar da sabar da ɗalibai da malamai ke shiga ta cikinta, a jami'ar da yake karatu. A 2018 kotu ta umarce shi ya biya diyyar dala miliyan 8.6. A shekarar ce kuma Jisc, hukumar da ke kula da layin jami'o'in Birtaniya, ta lura cewa hare-haren da ake kai wa makarantu suna yawaita lokacin karatu, su ja baya lokacin hutu, abin da ke nuna cewa da yawa daga cikin gida suke fitowa. Akwai kuma hassadar kasuwa. A ƙarshen 2016 wani Bature, Daniel Kaye, wanda wani babban ma'aikacin kamfanin Cellcom ya ɗauka haya, ya auna rundunarsa kan Lonestar, abokin hamayyar Cellcom a Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya yi ta ɗaukewa, aka ɗaure shi wata 32 a Ingila a 2019. Kuma ba sai mutum ya ƙware ba: shafin Webstresser da 'yan sandan Turai suka rufe a Afrilun 2018 yana sayar da hari daga yuro 15 a wata, yana da masu rajista fiye da 136,000. Ƙanƙantar cibiya ba kariya ba ce, sauƙaƙa wa mahari aiki take yi.

Siyasa ma tana jawo ruwan. A Yulin 2023 wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta toshe eCitizen, shafin da Kenya ta tara ayyukan gwamnati sama da 5,000 a kansa, har aka koma ba matafiya biza a filin jirgi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, rikicin da mutanen Kebbi suka ga ya rufe iyaka a Kamba ya leƙo intanet: a farkon Agusta ƙungiyar ta yi iƙirarin kai wa MTN hari saboda matsayin Najeriya, hukumar NITDA kuma ta fitar da gargaɗi. Kafin nan, Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sanar da cewa an ƙirga hare-hare kusan miliyan 13 a lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kusan miliyan 7 a ranar zaɓen kaɗai. Ya kamata a karanta wannan adadi da hankali, domin ya haɗa komai da komai, har da gwajin kalmar sirri da na'urori ke yi wa kowace saba dare da rana. Duk da haka ya nuna cewa matsi yana ƙaruwa ne daidai ranar da aka fi buƙatar shafi, kuma ranar rufe rajista ko fitar sakamako ita ce irin wannan rana ga makaranta.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne hanzarin da aka fi kawowa. Gaskiya ne cewa kasafin ƙaramar cibiya ba ya ɗaukar na'urorin tacewa masu tsada da ake saye da dala. Amma wurare biyu na farko, jerin jira da ƙarfin aiki, ilimi suke ci ba kuɗi ba. A tabbatar dabarar lambar shaida a kunne take. A rage tsawon jiran wanda ya yi shiru. A kafa wata manhaja a gaba, irin nginx ko HAProxy waɗanda kyauta ne, ta riƙa karɓar baƙi, ba ta miƙa buƙata ciki sai ta cika, wanda hakan ke kashe dabarar Slowloris. A ajiye kwafin shafukan da ba sa canzawa, kamar sanarwa da jadawali, don kada kowane mai dubawa ya tada rumbun bayanai. A raba sabar biyan kuɗi da ta labarai, don faɗuwar ɗaya kada ta ja ɗaya. A rufe duk ƙofar da ba a aiki da ita. Ribar wannan aiki ba ta jiran mahari, domin a idon saba, ɗalibai 5,000 da suka danna a minti ɗaya kusan daidai suke da hari. 'Yan kasuwa ba su manta farkon 2023 ba, lokacin da canjin kuɗi ya tura kowa kan tiransifa, kuɗi ya fita daga asusu bai isa ba, ga kaya a ƙasa suna jiran alat. Cunkoson masu gaskiya ne ya yi wannan, kuma gyaran da ke jure shi shi ne mai jure na mugu.

Akwai wata shawara da ake yawan bayarwa wadda ke buƙatar taka-tsantsan a irin yankinmu, ita ce a ƙayyade yawan haɗin da adireshi ɗaya zai buɗe, wanda ya wuce a toshe shi. A takarda daidai ne, a aikace tana iya zama zalunci. Adireshin intanet na tsohon tsari bai kai biliyan 4.3 ba, ya yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanonin waya ke tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Shagon intanet a Jega mai kwamfuta 20 da adireshi ɗaya yake fita, ɗakin kwanan ɗalibai ma haka. Wanda ya kwafo iyaka daga littafin da aka rubuta don wata ƙasa zai kori unguwa guda yana zaton ya kama mahari, ya ƙarasa wa maharin aikinsa da hannunsa. Hanyar da ta fi ita ce a fara sanin yadda zirga-zirgar gida take a ranar da babu matsala: nawa ke shiga ranar rajista, daga waɗanne kamfanoni, da wane lokaci. Sannan a ɗora iyakar a kan asusu ko a kan aiki mai nauyi, kamar neman sakamako da gwada kalmar sirri, wanda aka yi shakkarsa kuma a ba shi ɗan gwaji mai sauƙi maimakon a rufe masa ƙofa. Wanda bai san ƙidayar ranar lafiya ba ba zai gane ranar hari ba.

Wuri na uku kuwa, wato layin kansa, ba a kare shi daga cikin gida. Idan an turo gigabit 10 kan layin megabit 100, ko da na'urar da ke bakin ƙofa ta gane kowane saƙon banza ta zubar, layin ya riga ya cika kafin su iso gare ta. Dole a tare ambaliyar a sama, inda hanya ke da faɗi. Kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai suna yin haka ta hanyar amsa adireshi ɗaya daga cibiyoyi masu yawa a faɗin duniya, sai harin ya rarrabu, kowace cibiya ta tace rabonta, mai tsabta kaɗai ya wuce zuwa saba. Tun 2017 Cloudflare ya daina cajin kuɗi gwargwadon girman hari, har ga masu tsarin kyauta, Google kuma yana da Project Shield ga kafafen labarai da shafukan zaɓe. Sharaɗi ɗaya ne ake yawan mantawa: a ɓoye ainihin adireshin saba, a kuma hana ta amsa kowa sai mai tacewar, in ba haka ba mahari zai zagaya ta baya.

A nan ne ƙorafi mafi nauyi yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Miƙa ƙofa ga kamfanin waje yana nufin bayanan ɗalibai da na masu biyan kuɗi za su bi ta hannunsa, alhali dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa cibiya alhakin sanin inda suke zuwa. Mai tacewar ma yana faɗuwa: a Yulin 2019 kuskuren saiti ɗaya a Cloudflare ya kwantar da ɗimbin shafuka kusan rabin awa. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, an ga yadda duk abin da ke dogaro da ƙetare ke tangal-tangal. Amma wanda ya ƙi garkuwar aro don gudun waɗannan, ya zauna da layinsa tsirara, ya zaɓi abin da ya fi muni. Abin yi shi ne a rarraba: shafin sanarwa ya shiga bayan mai tacewa ba tare da fargaba ba, mai ɗauke da bayanan mutane a duba yarjejeniyarsa da kyau, a kuma ajiye hanyar komawa wani wuri idan na farko ya gaza. A can gaba, maganin shi ne ƙarfin tacewa ya samu a cikin ƙasa. Mahaɗar intanet ta Najeriya, IXPN, tana da reshe a Kano, Galaxy Backbone ma yana da cibiyar ajiyar bayanai a can. Jami'o'i da kwalejojin Kebbi da Sakkwato da Zamfara, idan suka haɗa kai suka yi ciniki da murya ɗaya, za su sami abin da kowace ita kaɗai ba za ta iya saye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haƙƙin bai tsaya ga mai saba ba, domin kowace runduna daga gidajen mutane ake tara ta. Kyamarar da aka kafa a shago ko gidan mai a Jega aka bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita, da na'urar rarraba intanet da ba a taɓa sabunta manhajarta ba, suna iya kwana suna jifan wani asibiti a wata nahiya, mai su yana mamakin yadda data ke ƙarewa. Canza kalmar sirri aikin minti 5 ne. Kamfanonin da ke ba da intanet su ma suna da nasu: tun shekarar 2000 aka fitar da ƙa'idar BCP 38, wadda ta ce kada kamfani ya bar saƙo ya fita daga layinsa da adireshin da ba nasa ba. Da kowa ya bi ta, da sallamar bogi ta mutu, haka ma irin harin da aka kai wa GitHub, inda ake tambayar wasu sabobi da sunan wanda ake hari, su kuma su antaya masa amsar da ta ninka tambayar sau dubbai. Matsalar ita ce mai tacewa maƙwabcinsa yake karewa ba kansa ba, shi ya sa ake jan ƙafa, kuma shi ya sa ya dace hukumar NCC da manyan masu sayen layi su mayar da ita sharaɗi.

Wasu za su ce a bar wa doka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga mai hana na'ura aiki da gangan, gyaran 2024 kuma ya wajabta kai rahoton hari ga cibiyar gwamnati ta ngCERT cikin awa 72. Wannan yana da amfani, musamman ga matashin da ke ganin abin wasa ne. Amma doka a baya take zuwa. Sai a Oktoban 2024 Amurka ta bayyana tuhumar wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da tafiyar da Anonymous Sudan, bayan hare-hare fiye da 35,000, ciki har da wanda ya sa asibitin Cedars-Sinai karkatar da marasa lafiya na tsawon awoyi. Kuma ba a gurfanar da kowa sai da shaida, shaidar kuwa ita ce rajistar shige da fice da saba ke ajiyewa, in an saita ta ta ajiye.

Don haka wurin da ya kamata a fara shi ne takardar kwangila. Yawancin cibiyoyi ba su ke gina shafinsu ba, ɗan kwangila ake ba wa, kuma abin da aka saba dubawa ranar karɓar aiki shi ne ko shafin ya buɗe ya yi kyau. Shugaban makaranta, ko sakataren ƙaramar hukuma, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ba sai ya san TCP ba kafin ya yi tambaya huɗu. Mutum nawa shafin zai ɗauka a lokaci guda, kuma an gwada a gabanmu? Idan layi ya cika, wa ke tacewa, kuma lambar wa za a kira da tsakar dare? Ina ake ajiye rajistar shige da fice, na tsawon wane lokaci? Idan shafin ya faɗi ranar ƙarshe, wace hanya aka tanadar wa jama'a, kuma wa ke da ikon ƙara wa'adi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin kansa aiki ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Aliero za su iya yi a ɗakin gwaji, da izini a rubuce, a kan sabar da aka ware don haka, su fita da sana'ar da bankuna da kamfanonin waya ke nema. Ɗan kwangilar da ya kasa amsa tambayoyin nan huɗu a rubuce, bai kamata a biya shi kason ƙarshe ba.